Kyamara a Bayan Baba Mai Hoto

Duk wanda ya san Baba Mai Hoto ya san shi da hali guda: in zai shiga gidan da aka yi rashi, sai ya juya kyamararsa ta koma bayansa. Igiyar na wuyansa, kyamarar na kwance tsakanin kafaɗunsa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa kamar kowa. Sai masu gida sun ce masa bismilla sannan yake jawo ta gaba. In ba su ce ba, ya ɗauki ƙofar gida ko tarin takalman masu gaisuwa, ya kai wa jaridar da yake wa aiki. Tun yana saurayi yake haka har furfura ta cinye gemunsa, kuma ba a taɓa rufe masa ƙofa ba.

Jaridar ce ta canza a hannunsa yana kallo. Da fari aka daina buga ta a takarda, aka sayar da injin ga masu gwangwan. Ɗakin da yake wanke hotuna aka shafe shi da fenti mai ihu, aka kafa fitilu, samari na shiga suna yi wa waya surutu. Tsofaffin abokan aikinsa aka sallame su ɗaya bayan ɗaya. A bangon ofis kuwa aka maƙala wani ƙaton allo mai nuna yawan mutanen da suka danna kowane labari, kowa na aiki yana satar kallonsa kamar mai dafa madara. Editan yanzu ma Baba ne ya koya masa riƙon kyamara. Ba mugu ba ne, Allah na gani, amma allon nan ya zame masa alƙibla.

Wata safiya bayan ruwan sama, rufin wani shagon kafinta ya rufta ya danne mai shagon, ya rasu nan take. A bayan layin su Baba kafintan yake, shi ne ma ya yi wa Baba ƙofar ɗaki.

Edita ya ce, "Baba, unguwarku ce, kai ba za su hana ka shiga ba. Matar mamacin nake so, tana kuka, fuskarta sosai. Bidiyo fa, ba hoto ba."

"Kukan nata labari ne, ranka ya daɗe?"

"Shi ake dannawa, Baba. Ba ni na halicci mutane ba."

Baba ya isa gidan rasuwar. Masu shafukan labarai sun yi dafifi, kowa da waya a sama, wasu sun ɗare katanga suna leƙa tsakar gida. Da kunnensa ya ji wani yana roƙon a ce wa matar ta sake faɗin abin da ta faɗa, wai lokacin wayarsa ba ta fara ɗauka ba. Ko takalmi ba su cire ba, sun tattake tabarmar gaisuwa da taɓo.

Ya juya kyamara baya, ya yi sallama ya shiga. Matar kafintan na zaune a bakin ƙofar ɗaki, idanunta sun kumbura, 'yarta na kwance a cinyarta.

Ta ce, "Baba, kai ma ɗauka ka zo yi?"

"Gaisuwa na zo yi, 'yata. Ga ta nan a baya, ba za ta juyo ba. Fuskarki ba za ta fito a jaridarmu ba, na yi miki alkawari."

Sai a lokacin ta saki mayafin da take ƙudundune da shi, ta yi kuka mai isarta a gabansa, don ta san babu mai ɗauka. Da ya fito ya biya shagon, ya ɗauki wata 'yar kujerar yara da mamacin bai gama ba, ƙafarta uku, tana tsaye a cikin ɓaraguzai.

Edita ya kalli hoton ya yi tsaki. "Kujera, Baba? Wa zai danna kujera?"

Washegari Baba na shan shayi, mai ɗakinsa ta ajiye masa wayarta a kan tabarma ba tare da ta zauna ba.

"Malam, yaushe ka fara wannan aikin?"

Shafin jaridarsu ne. Sai da tallan man bilicin ya gama rawarsa sannan bidiyon ya fara: matar kafinta, an ɗauko ta daga saman katanga, ɗankwali ya zame, baki a buɗe, tana kiran sunan mijinta. A sama an rubuta wai duk wanda ya kalla bai yi hawaye ba dutse ne. A ƙasa kuma, ɓaro-ɓaro, ga sunansa a matsayin wanda ya ɗauka. Shayin ya koma masa kamar ruwan wanki.

A ofis ya tarar da Edita tsaye gaban allo, bakinsa har kunne.

"Wa ya ɗauki wannan ƙazantar?"

"Wani mai shafi ne ya ba mu. Ka duba yadda take hawa, Baba!"

"To me ya kawo sunana?"

"Sunanka ne mutane suka yarda da shi. Kuma taimakonka na yi, wallahi. Masu jaridar nan kullum tambayata suke me tsohon nan yake kawowa. Yanzu ga amsa."

"Ka cire."

"Ko na cire ya riga ya zaga gari. Ka yi haƙuri, gobe an manta."

Baba ya dube shi, ya dubi samarin da ke tafa wa allo, ya ji ƙyamar ɗakin gaba ɗaya, har da kujerar da ya tsufa a kanta. Ya fice. Ba tsoron korar aiki ne ya dame shi ba. Mutum ɗaya yake so ta san ba shi ba ne.

Da ya koma gidan kafinta, ya tarar 'yan waya sun watse, an ce wata tankar mai ta faɗi a bakin gari. Ya juya kyamara baya, ya tuɓe takalmi, ya yi sallama. Matan da ke tsakar gida suka yi tsit, babu wadda ta amsa. Matar kafinta ta ɗago ta gan shi, ta ja mayafi ta rufe fuskarta ruf, ta jawo 'yarta ta ɓoye a bayanta.

Ya durƙusa ya ce, "'Yata, ki saurare ni..."

Daga cikin mayafin ta amsa, muryarta a dishe.

"Baba, kukan yau ya ƙare. In bai ishe ku ba, sai dai ka dawo gobe."