Kunyar da Ba Tawa Ba

Ban taɓa shan yabo irin wanda na sha bayan haihuwar ɗana na fari ba, alhali a lokacin ba ni da lafiya.

Ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Birnin Kebbi, muna zaune da maigidana a Gwadangaji. Da ciki ya tsufa aka mai da ni gidanmu a Argungu, in haihu a gaban Inna, in yi wankan jego a can. Na tafi da littattafan renon jariri, na ja layi da jan biro a duk inda ya dace. Ban ga shafin da ya ce za a iya miƙo miki ɗanki ki ji kamar ajiyar maƙwabta aka ba ki ba.

Haka kuwa na ji. In ya yi kuka in ba shi nono, in ya ƙoshi in kwantar da shi in juya fuska bango. Farfesun kifi da kunun kanwa ɗanɗanonsu ɗaya a bakina. Kuka kan zo mini babu dalili, sai na koyi ajiye shi zuwa lokacin wanka, inda tururi ke jiƙa fuskar kowa.

A wajenmu ana kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Don haka matan da ke zuwa barka suka ga abin da suke so su gani.

"Ɗiyag ga akwai kunya," in ji wata maƙwabciyarmu. "Ko kallonai ba ta yi. Wa ya ce boko na ɓata yara?"

Har 'yarta ta kawo don ta yi koyi da ni. Wannan ne darasi na farko da na koyar ban shirya shi ba, kuma shi ya fi karɓuwa.

Inna ba ta da hanyar tambayata, don ni ce 'yar farinta. Tun tasowata ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana son sanin ko na ci abinci, ƙofar ɗaki take tambaya: "Ko an ci tuwon?"

Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ita ke yi mini wanka, kuma bakinta bai fi ruwan nata sanyi ba. Wata safiya tana tsoma ganyen darbejiya a tukunya ta ce, "Malama, an ce ke ce sarauniyar kunya a unguwag ga. Mu ma mun yi tamu. Amma da an watse sai in sunkuci nawa in yi ta shinshina, har kakarku ta kama ni."

Ta yi dariya, tana jiran tawa. Da na taya ta, da an wuce wurin, in ci gaba da zama abin misali.

Na ce, "Gwaggo, ba kunya ba ce. Ko an watse ba na ɗaukarsa. Ba na jin komai a kansa, kuma tsoron kaina nake ji. Ina so a kai ni asibiti."

Ganyen ya tsaya a hannunta. "Mai jego da fita kafin arba'in? Bari a karɓo miki rubutu."

"A karɓo, zan sha. Amma a kai ni."

Inna na bayan katanga tana iza wuta, ta ji komai. Washegari sai ga ta da mayafi, goye da jikanta, ta ce wa ƙofa, "A fito, mota na jira." A hanya, muna wuce fadamun shinkafa, ta ɗora hannunta a kan nawa tana kallon taga. Ba ta janye ba har Birnin Kebbi.

Likitar ta saurare ni har na gama. Ta ce ciwo ne sananne, damuwar da kan biyo bayan haihuwa, ba mugun hali ba ne, ba kuma raunin imani ba. Ta ba ni magani, ta ce in riƙa dawowa muna magana, ta kuma kira maigidana ta yi masa nasa bayanin.

Sauƙin bai zo da gaggawa ba. Harshena ne ya fara farfaɗowa. Ranar da na ce gishirin farfesu ya yi yawa, Gwaggo ta ce, "Alhamdu lillahi, Malama ta koma ba da maki." Can wata rana da hantsi na tsinci kaina ina yi wa yaron tsiya a kan kunnuwansa irin na babansa, na ɗauke shi ba don ya yi kuka ba, na kasa ajiye shi.

Ana gobe zan koma Gwadangaji mata suka cika ɗaki don sallama. Yaron ya motsa a shimfiɗa, na ɗauko shi, na kira sunansa a gaban kowa, na sumbaci goshinsa.

Maƙwabciyar nan ta gyara mayafi ta ce, "Ashe dai bokon ya ci ta."

Inna ba ta ɗago ba. Tana kallon tabarma ta ce, "A bar ta. Ɗanta ne."

Na sake kiran sunan, don waɗanda ke bakin ƙofa su ma su ji.