Hannun Mai Guga

A layin da shagonsa yake, kowa Baba Mai Guga yake ce masa. Ɗan ƙaramin shago ne: tebur ɗaya da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, igiyar rataye riguna, sai duwatsun guga da yake ji da su kamar 'ya'yan cikinsa. Tun yana saurayi yake wannan sana'a, kuma abu ɗaya ne ba ya iya gani ya ƙyale, wato yamutsattsun tufafi. Ko gaisuwa ka zo yi masa, bakinsa na amsawa, idonsa na kan wuyan rigarka. Matarsa takan ce, "Kai dai wata rana ina barci za ka bi ni da dutsen nan." Shi kuma ya ce to sai dai ya ƙaro gawayi, don aikin ba kaɗan ba ne.

Bara ta rasu, bayan 'yar gajeriyar jinya. Mutane suka yi ta yaba haƙurinsa, ba su san abin da ke cinsa ba. Fuskarta ce ta fara guje masa. Muryarta tana nan, ɗan tarin da take yi in ta shigo shago yana nan, amma in ya rufe ido yana neman fuskar, sai ya ga ɗankwali da kunne, tsakiya babu komai. Ita kuwa mace ce da ba ta shiri da hoto, da an ɗaga waya take kare fuska da hannu. Hoto ɗaya ta bari, na jikin katin asibiti, ta zare ido kamar an kama ta da laifi. Ya daina duba shi ma, don tsoro yake kada wannan ya maye gurbin ta gaskiyar.

'Yarsa, ma'aikaciyar jinya, ta gaji da tarar da shi ya yi tagumi duk Asabar da Lahadi. Ta je ta sa sunansa a wani ajin koyon zane na ƙarshen mako, a saman benen wani kantin littattafai.

"Baba, ka je ko don ka ga mutane."

"Da furfurata zan koma ɗan makaranta?"

Amma ya je, don ta ce har fuskar mutum ana koyon zanawa.

Ɗakin dogo ne, tebur duk tabon fenti, ga wari mai hawa kai. Malamar ajin matashiya ce mai fara'a, sai dai rigar aikinta a yamutse take kamar an ƙwato ta daga bakin akuya, har sai da Baba ya riƙa kawar da kai. Da fentin mai suka fara. Malama ta ce daɗinsa shi ne ba ya bushewa da wuri, kana iya dawowa ka gyara. To wannan daɗin ne ya cuci Baba, da ya fara zana fuskar matarsa. Ya gyara hanci, ido ya ɓaci. Ya gyara ido, baki ya karkace. Mako bayan mako yana gyara, har fuskar ta koma taɓo. Kullum yakan sauko daga benen jikinsa a sanyaye, yana jin kamar ya sake rasa wani yanki nata.

Daga nan aka shiga zanen kaki mai zafi. Kakin zuma ake narkawa a ƙananan gwangwanaye a kan murhun lantarki, a zuba masa launi, a tsoma buroshi a shafa a kan katako. Kafin ka sake numfashi ya daskare. Ba lokacin tunani, balle na gyara. Wata ɗalibar ajin, tsohuwar ma'aikaciyar banki da ba ta zana komai sai furanni, ta yi ta mita wai kakin ya fi ta sauri. Baba dai ya yi ta shafawa, ruwan ƙasa a kan ja, ja a kan rawaya, ba tare da ya sa rai da komai ba.

Da ya ja baya don ya miƙe ƙugu, sai ya ga matarsa a kan katakon. Zanen bai yi kyau ba, kunne ɗaya ya fi ɗaya girma. Amma kakin ya daskare tudu-tudu a goshi, ya tattare a gefen ido, kuma wani layi ya gangaro daga hanci zuwa gefen baki, daidai inda nata yake lotsawa in za ta tsokane shi. Ya nemi wuri ya zauna. Ya kira 'yarsa a waya.

"In kin tashi aiki ki biyo. Ki zo ki ga uwarki."

Malama ta zo ta tsaya a bayansa, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce saura abu ɗaya: dole a bi kakin da zafi don ya kama jikin katako, in ba haka ba zai ɓanɓare ya zube. Ta ɗauko wani ɗan ƙaramin dutsen guga na lantarki.

"Sama-sama za ka wuce da shi, Baba, sau ɗaya. Kada ka danna. Ko in yi maka?"

Mai furanni ta yi dariya. "Malama, wa za ki koya wa riƙon dutse? Kafin a haife ki yake yi."

Aka yi dariya, har shi ma ya murmusa. Ya karɓi dutsen, ya kara shi kusa da kumatunsa ya ji zafinsa, kamar yadda ya saba. Ya ji abin da Malama ta faɗa sarai, kuma ya yi niyyar bi. Amma da dutsen ya isa goshin, ya ci karo da tudu, hannun da ya yi shekara da shekaru yana wannan aiki bai tsaya neman shawara ba. Ya danna, ya dawo baya, ya juya hancin dutsen ya bi layin gefen bakin nan har ƙarshensa. Ko daƙiƙa nawa ne, Allah ne ya sani. Sai da Malama ta riƙe masa wuyan hannu ya farga.

Kakin ya kwanta sumul, yana sheƙi. Akwai ido, akwai hanci da baki, fuskar wata yarinya ce da ba ta taɓa dariya ko kuka ba. Malama ta ce a hankali ana iya ƙara wani kakin a kai. Ya gwada, ya ɗauki sabon katako ma ya gwada, amma yanzu da tunani yake yi, layin ya ƙi dawowa. Kuma ba wanda zai ɗora wa laifi.

Ana tattara buroshi 'yarsa ta shigo da kayan aikinta a jiki, tana haki saboda hawan bene. Ta ɗauki katakon da hannu biyu, ta duba, ta sake dubawa, tana neman abin da za ta gane.

"Baba, haka Mama take da ƙuruciyarta?"

Ya so ya ce mata e, ko don kada hawan benenta ya tashi a banza. Ya rufe ido ya nemi fuskar, ya ga ɗankwali da kunne. A tsakiya, inda da babu komai, yanzu wannan sumul ɗin ce zaune.

"A'a," ya ce. "Ɗazu tana nan. Da kin zo ɗazu."