Ƙasar da Ke Cin Wuta

Lokacin da nake karatu a Manchester, ƙofar flat ɗina a Ardwick tana kallon ta wata tsohuwa 'yar ƙasar Ireland. Iya nake ce mata, ita kuma ta laƙaba min Amarya saboda turaren wutar da nake cika mana baranda da shi.

Ni da littattafan soyayya suka raina, kullum ina tsokanarta ta ba ni labarin samarinta. Sai ta ce, "Wane saurayi? Ƙauyenmu ko kasuwa babu, kuma duk dangi ne." Amma in ta kama zancen ƙauyen, har shayinta ya huce ba ta sani ba. Kowace gona da sunanta tun kaka da kakanni. Akwai Gonar Rijiya, akwai Fadamar Makaho, akwai Tudun Yunwa, inda har yau ake ganin kunyoyin dankalin da mutane suka yi a zamanin yunwa, ba su rayu sun tona ba. Ciyawa ta lulluɓe su, amma ba wanda ya taɓa sa musu garma.

Wata safiya ta ƙwanƙwasa min ƙofa da wani baƙin curi a tsumma.

"Iya, kashin shanu kike ajiyewa?"

"Rufe min baki, Amarya. Ƙasar ƙauyenmu ce."

Daga fadama suke yanko ta, su shanya, ita ce itacen girkinsu. Ƙasa ta ci wuta! Ikon Allah sai kallo. Ta ce yayanta yana gidan kula da tsofaffi a Birmingham, ya daina gane ta, ma'aikaciya yake ɗaukarta. Su biyu kaɗai suka rage daga gidansu.

"Gidajen gwamnatin nan ba su da murhu. Ara min kaskon turarenki, in kai masa hayaƙin gida."

Na ce ni da kaskona ba ma rabuwa. Muka hau jirgin ƙasa tare.

Ma'aikatan suka ce ban da wuta a ciki, sai muka tura kekensa zuwa lambu. Dogon tsoho ne mai manyan hannuwa, ya gina rabin titunan garin, in ji Iya. Na hura gawayi, ta gutsura curin ta ɗora. Hayaƙi shuɗi ya miƙe, mai ƙamshi kamar na ruwan fari a kan tsohon madafi.

Da fari tsohon bai kula ba. Yana kallon katanga.

Can sai hancinsa ya motsa. Ya lumshe ido, ya fara kiran gonakin ɗaya bayan ɗaya, yadda mai tafiya daga ƙofar gida zuwa fadama zai ratsa su, wasu ma da yarensu. Wallahi sai na ga kamar ƙauyen ne ya sauka a lambun nan, da shingayen duwatsunsa da matattunsa.

Ya zo wani wuri ya cije. Iya ta raɗa masa suna na gaba.

Ya buɗe ido ya harare ta. "A'a. Kin tsallake ta bayan turke. Tun kina 'yar mitsitsiya kike kewaye ta don tsoron bijimin Baba. Auta, har yanzu?"

Iya ta durƙusa ta kifa kai a gwiwarsa.

"Har yanzu, Yaya."