Munzali Mai Kaset, Abokin Gardamar Idirisu

Da an idar da sallar asuba, Baba Munzali yakan sayi kunu da ƙosai a bakin masallaci, ya taka a hankali zuwa shagonsa da ke wani lungu na New Bell, kusa da inda 'yan bensikin ke jiran fasinja da baburansu. Sai ya buɗe ƙofa, ya share ruwan saman da ya kwana a bakinta, ya bi fayafayai da tsumma, don danshin Douala ba ya ƙyale komai. Daga nan ya sa kaset, ya rage murya, ya zauna. Akwai benci a gaban shagon. Yawancin ranaku har la'asar ba wanda ya zauna a kansa.

Ni maƙwabcinsa ne, ta gaban shagon nake wucewa in tafi aiki. Ƙarshen watan nan zai rufe shi, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani tun yana ji.

Sana'arsa gyaran rediyo da ɗaukar waƙa a kaset. Amma abin da ya tara masa mutane shi ne fayafayan kiɗan Turawa na rok da pop da yake saye a hannun ma'aikatan jirgin ruwa. A da, da yamma ta yi bencin nan ba masaka tsinke. Ma'aikatan ofis su zo da taye a wuya, 'yan kasuwar Sandaga su zo suna warin albasa, a yi ta musu da Hausa, in rai ya ɓaci a koma Faransanci. Wane ya fi wane iya jita, wace mawaƙiya ce ta lalace tun da ta yi suna. Wasu dattawa suna cewa kiɗan banza ne. Bai taɓa tanka musu ba. Da ladan ya ɗaga murya yake kashe kiɗa, ya tasa masu gardamar gaba zuwa masallaci.

Gardamar da ta fi daɗewa tasa ce da Malam Idirisu, akawu a tashar jiragen ruwa. A kan faifai biyu na wata ƙungiyar Turawa suke yin ta. Ba ma kiran sunayen fayafayan, sai dai mai kore da mai ruwan ɗorawa, saboda launin bangonsu. Mai kore shi ne na farko, jita da ganga kamar za su tsaga lasifika. Mai ruwan ɗorawa sanyi gare shi, da fiyano.

"Na farkon yara ne ke ihu, mon frère," in ji Idirisu. "A na biyu suka yi hankali."

"A na biyu suka ƙoshi, Malam Idi. Wanda ya ƙoshi ba ya waƙa, hamma yake yi."

Haka suka yi furfura a kai. A hankali benci ya watse. Wasu sun rasu, wasu sun koma arewa, matasa kuwa waƙa tana cikin wayarsu, kowa da abinsa a kunne. Matarsa Azumi ta rasu, ba su samu haihuwa ba. Idirisu ya yi ritaya ya koma Sodiko wajen 'yarsa Hafiza, can ƙetaren gadar Wouri. Ba a jima ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, bakinsa ya rufe.

Abin da ya biyo baya Hafiza ce ta ba ni labari. Ta ce da farko 'yan dubiya sun yi ta zuwa, su yi addu'a, su yi masa magana kamar jariri, su tafi. Daga baya ƙafa ta ɗauke. Mahaifinta ya juya fuska bango, ya daina ko ƙoƙarin motsa baki, abinci ma sai da lallashi. Likita ya ce in ba ya gwada magana, ba za ta dawo ba.

Wata Lahadi sai ga Baba Munzali a bayan bensikin, rungume da rediyo mai kaset a cikin leda. Bai ce sannu da jiki ba. Ya ja kujera, ya sa kaset ɗin mai ruwan ɗorawa, ya bari waƙar farko ta yi nisa, sannan ya yi tsaki.

"Ji fa. Kiɗan ɗakin jiran likitan haƙori. Hafiza, ubanki ya ɓata rayuwarsa a kan wannan."

"Haba Baba," ta ce, "ba shi da lafiya fa."

"Kunnensa lafiya lau. Dama can bai iya ji ba."

Ta ce ta ga hannun mahaifinta mai lafiya ya damƙe zanen gado. Ranar iyakar abin ke nan. Amma da Lahadi ta zagayo, tun safe idonsa na kan ƙofa. Baba Munzali ya ci gaba da zuwa, ko ana ruwa, ko gadar Wouri ta cushe. Kullum sai ya kushe faifan da Idirisu ke so. Ana nan wata rana ya ce ai mai fiyanon ma bai iya ba, hayarsa aka yi. Sai Idirisu ya yunƙura, bakinsa a karkace, ya ce, "C'est faux!" Wato ƙarya ne.

Hafiza ta ce ta fita tsakar gida ta yi kuka. Da ta dawo ta tarar Baba Munzali yana share ido da hularsa, yana cewa, "To kawo hujja mana."

Maganar ba ta dawo duka ba, amma ta dawo daidai yadda zai kira sunan 'yarsa, ya nemi ruwa, ya yi salati. Ya ƙara shekaru a haka kafin Allah ya karɓi abinsa bara.

Baba Munzali, kai ne ka ƙi yi wa abokinka kallon gawa tun yana numfashi. Kai ne ka ba mutanen unguwar nan wurin da akawu da ɗan dako za su yi wa juna ihu a kan waƙa, su tashi su tsaya sahu ɗaya. Munzali na Azumi, mai kunnen unguwa, ba mu taɓa ce maka an gode ba.

Yanzu kunnen nasa ne ke tafiya, shi ne dalilin rufe shagon. Ya ce ba zai karɓi rediyon mutane ba alhali ba ya bambance gyara da ɓarna. Makon jiya na zauna wajensa, na tarar mai ruwan ɗorawa ne a cikin rediyonsa, ya kara kunnensa da lasifika. Na ce, "Baba, kai da wannan?"

"Ina so in ji shi sosai kafin ya ɓace mini," ya ce. Sannan ya ƙara, "Waƙar ƙarshen nan, Malam Idi ya fi ni gaskiya. Sai yanzu na ji. To wa zan gaya wa?"



Mun gode, Baba. Allah ya saka da alheri, ya jiƙan Azumi da Idirisu, ya sa ka gama lafiya. Ku kuma masu karatu, kowannenku yana da wani da ciwo ko tsufa ya zaunar a ɗaki. Ku je, ba don ku ce sannu ku tashi ba. Ku zauna, ku ja shi da zancen da yake so, in ya faɗi abin da ba ku yarda ba ku musa masa kamar da. Wanda kuma yake New Bell, Baba Munzali yana nan har ƙarshen wata, kuma yana da magana a bakinsa. Ku je ya gaya muku.