Sunayen da Na Cire Daga Littattafan Yaya Haladu

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Malam Haladu. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, a Badafi ta ƙasar Kiru aka haife mu, kuma mu biyu ne kaɗai muka rayu cikin 'ya'yan Inna. Ba a taɓa buga sunansa a jarida ba sai yau. Da yana raye ma, na san ba zai so a buga ba, sai dai in an haɗa da sunayen waɗanda ya ji magana daga bakinsu.

Malamin firamare ne. Da aka tura shi Riruwai, mutane suka yi ta yi masa jaje saboda nisa, shi kuwa ya samu abin da yake so. Garin cike yake da tsofaffin leburorin kuza, waɗanda suka zo daga wurare daban-daban tun suna samari, aiki ya ja baya, su kuma suka rasa ƙarfin komawa gida. Duk ranar da babu makaranta, Yaya zai ɗauki littafin rubutu da biro ya bi su zaure-zaure yana tambaya. A saman kowane shafi zai sa sunan mai maganar, da garinsu na asali, da ranar da suka zauna, har da inda suka zauna. Na sha yi masa dariya, ina cewa sai ka ce mai ruwaito hadisi. Ya kan ce, "To ai su malaman hadisin sun fi mu hankali. Magana ba ta tsiro a daji, Sale. Kowace tana da mai ita."

A shekarata ta ƙarshe a kwalejin horon malamai, aka ce kowa ya rubuta kundin kammala karatu. Na zaɓi rayuwar masu haƙar kuza, ba don na san komai a kai ba, sai don na san inda tuwon yake a dafe. Na je Riruwai na roƙi Yaya aron littattafansa guda huɗu. Bai yi musu ba. Ya naɗe su a leda saboda damina, ya raka ni tasha.

Abin da na yi da su ba shi da wani suna sai sata. Na juya hirarrakin zuwa Turanci, na jera su babi-babi, na share sunayen. Inda Yaya ya rubuta sunan mutum, ni na sa "wani lebura" ko "bincikena ya nuna". A shafin manazarta kuwa, inda ake jera inda aka samo bayani, na cika shi da littattafan Turawa waɗanda yawancinsu bangonsu kawai na gani. A tunanina a lokacin, sunan tsohon da bai iya karatu ba zai rage wa kundin daraja. Sunan Yaya ma bai shiga ba, ko a shafin godiya, don kada a gane yawan abin da na ɗauko. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Aka yaba wa aikin ƙwarai, aka ajiye kwafi a laburaren kwaleji.

Na kai masa nawa kwafin da bango mai ƙarfi, ina ta murna. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi mini barka, sai ya juya can baya ya fara da shafin manazarta. Ya daɗe a wurin. Sannan ya dawo farko ya karanta shafuka kaɗan, ya rufe, ya ce in sa takalmina mu je mu gai da wani.

Gidan Baba Jatau ya kai ni, wani tsoho da idonsa ya tafi, yana zaune a kan buzu a ƙofar ɗaki. Shi ne ya ba Yaya labarin ranar da rami ya rufta da ƙanensa, ya yi ta tono da hannu har faratansa suka fita, ya ciro shi babu rai. Wannan labarin shi ne babi na uku a kundina, shi aka fi yabawa. Bayan mun durƙusa mun gaisa, tsohon ya ce, "Tun bara Malam ya gaya mini ƙanensa zai sa ni a littafi. Kai ne? To karanta mini inda sunana yake, yaro."

Na dubi Yaya, shi kuma ƙasa yake kallo. Na buɗe babin na fara fassara masa, duk inda na rubuta "wani lebura" sai in ce "Jatau". Tsohon ya miƙo hannu ya shafa takardar, hawaye na bin gemunsa, yana ta sa mini albarka. Ban taɓa jin albarka ta yi mini nauyi irin na ranar ba.

A hanyar komawa Yaya bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Nawa sunan na yafe maka. Nasu ba ni da ikon yafewa. Ka karanta masa abin da ba ka rubuta ba, saura ka je ka rubuta abin da ka karanta." Maimakon in ba shi haƙuri, sai na ce ya kai ni ne don ya kunyata ni, kuma shi da bai wuce firamare yana koyarwa ba, me ya sani game da ƙa'idar kundi? Na kama motar Tudun Wada ko abinci ban tsaya ci ba.

Wata bakwai ban taka Riruwai ba. Ya aiko mini wasiƙa sau biyu, ina cewa sai na huce zan amsa. Saƙo na uku ba daga hannunsa ya fito ba. Ciwon hanta ne, kuma kafin in isa an riga an kai shi makwancinsa. Da na sani ƙeya ce, a baya take.

Bayan sadakar arba'in na zauna da littattafan nan huɗu, na fitar da kowane suna da ranar hirarsa, na kai wa mai tafireta ya buga. Na je kwaleji na faɗa wa malamin da ya duba kundin gaskiya. Ya ce sakamako ya riga ya fita, amma ya yarda a liƙa sababbin shafukan a kwafin laburare. Da na koma in gaya wa Baba Jatau, sai na tarar shi ma ya rasu da kaka.

Yau ni ma ina koyarwa a sakandare, kuma ina ganin yadda abin ya yi sauƙi. Injin fotokwafi ya cika bakin kowace kwaleji. Ɗalibi zai ɗauko kundin wani, a sake bango, a sake suna, shi ke nan ya zama mai bincike. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Ina jin ba zai yi wa'azi ba, don ba halinsa ba ne. Zai tambayi yaron a hankali, wa ya gaya maka? Ni kuwa ba na iya tsananta wa wanda na kama, domin na san ɗanɗanon abin.

Bai mutu ya bar gida ba, bai bar littafi da sunansa ba. Abin da ya bari wata ɗabi'a ce a bakina: ba na iya faɗin magana sai na ce daga wurin wane na ji ta, har abokan aiki suna gajiya da ni. Sai dai akwai maganganun da ba ni da wanda zan jingina su gare shi. In na ce Inna ta kan ce kaza, ko a shekarar fari mun yi kaza a Badafi, babu sauran mai cewa haka ne, ko ya ce a'a Sale, ba haka aka yi ba. Wannan gyaran nasa nake kewa fiye da komai. Allah Ya jiƙan Yaya Haladu, Ya jiƙan tsofaffin Riruwai, Ya kyautata namu zuwan.