Kyandir ɗin Tiberio

Duk wanda gwiwa ta taɓa dama a tsaunukan Corinto ya san ƙofar Doña Eudosia. Ganyen wiwi take jiƙawa a barasar rake, ta rufe kwalba ta tura ƙarƙashin gado har ruwan ya yi kore shar, masu sanyin ƙashi su zo su shafa. Da wannan sana'a ta rayu, da ita ta raini ɗanta tilo, Arcesio. Ba ta da fara'a, ba ta kuma yafiya. Abu ɗaya ke sanyaya mata zuciya: hoton mijinta marigayi Tiberio a ɗakinta, da kyandir ɗin da take kunna masa kullum da safe don kada ransa ya zauna cikin duhu.

Sai Arcesio ya dawo daga birnin Cali da ƙaton ciki da buhun gwangwanayen gas. Ya ce da gas ake tatso man wiwi yanzu, mai kauri kamar zuma, 'yan birni na rububinsa. Ɗakin uwar ya fi kowanne sirri, don haka ya kwashe mata katifa ya jefa kusa da murhu.

"Tsohuwa, kwalabenki na kaka da kakanni sun tashi aiki," in ji shi. "Kuma ko ashana kar na gani a ɗakin nan."

"To kyandir ɗin ubanka fa?"

"Haba Mama! Wanda ba shi da ido me zai yi da haske?" Ya murje lagwanin da yatsa, ya kife hoton, ya sa wa ƙofar kwaɗo.

Ta ci gaba da dafa masa miyar ayaba, amma abin ya tsaya mata a rai.

Ranar tunawa da matattu, gari duk ya tafi makabarta da furanni. Arcesio kuwa yana ciki ya kulle taga, yana aiki. Ta ce a ranta, in an hana ta shiga, ai ba a hana ta bakin ƙofa ba. Ta durƙusa, ta dasa kyandir a ƙasa daidai tsagar ƙofar don hasken ya leƙa wa Tiberio, ta kunna, ta tafi ɗebo ruwa. Ina ta san cewa gas ƙasa yake bi, yana sulalowa ta ƙarƙashin ƙofa?

Ƙarar ta kai har makabarta. Kwanon rufin ya tashi sama. Arcesio bai mutu ba, amma wutar ta cinye masa idanu, ta nannaɗe yatsunsa. Mutane suka ce sigari ya kunna, dama an san halinsa. Ta bar su a haka.

Maƙwabta suka gyara ɗakin, ta mayar da katifarta, ta shimfiɗa masa tabarma a gefe. Ita ke ba shi abinci a baki, ita ke shafa masa ruwan kwalaben da ya raina. Hoton ya ƙone, duk da haka kullum da safe sai ta ƙyasta ashana ta kunna kyandir. Da Arcesio ya ji ƙarar ashanar sai ya manne da bango.

"Mama, don girman Allah ki kashe," ya ce yana kuka. "Ba na iya jure warinsa."

Ta matso da kyandir ɗin kusa da tabarmar, ta gyara masa zama.

"Kwanta abinka," ta ce. "Wanda ba shi da ido ina ruwansa da haske?"