Inna Dije da Littafin da Na Kasa Gamawa

A gidanmu na Gwaram, da an idar da sallar magariba an ci tuwo, kakata Inna Dije takan jawo kujerarta 'yar tsugunno kusa da murhu kafin garwashin ya mutu. Mu jikokinta mu shida muke zagaye ta. Ba ta fara tatsuniya irin yadda sauran tsofaffi suke farawa. Sai ta leƙa ƙofa kamar mai jiran baƙo, ta ce, "Ga wata can ta taho tun daga nesa, ta gaji." Mu kuma mu haɗa baki, "A shimfiɗa mata tabarma!"

Ni ce Hauwa, amma a lokacin ba mai kirana da sunan nan. Mantau ake ce mini. In an aike ni sayo gishiri sai in dawo da labarin akuyar da ta haihu a gidan maƙwabta. A makarantar allo na sha bulala saboda kallon tsuntsaye. Tatsuniyar ma, duk son da nake mata, ban cika jin ƙarshenta ba. Ana tsakiyar labari sai ƙwaro ya wuce ko jaki ya yi kuka, shi ke nan na tafi, ko da jikina yana wurin.

Inna ta lura. Ba ta taɓa yi mini tsawa a kai ba. Wata shekara, lokacin girbi, sai ta fara ajiye mini ƙwaryar gyaɗa a cinya.

"Ɓare mini wannan, 'yar nan," in ji ta. "Ke in hannunki bai samu abin yi ba, kunnenki yawo yake tafiya."

Da ƙwaryar nan a cinyata na fara jin tatsuniya daga farko har ƙarshe. Wadda ta fi zama a raina ita ce ta Tasalla.

Wai Tasalla yarinya ce da ba abin da yake wuce idonta. Wata rana wutar gidansu ta mutu, aka ba ta kasko ta ɗebo a wancan gefen gari. A hanya ta ga ɗan akuya ya maƙale a shinge, ta cire shi. Ya ruga ta bi shi, ta tarar da tsamiya ta zubo, ta tsaya tsinta. Ta dawo gida da kasko cike da tsamiya, babu wuta, aka kwana da yunwa. Washegari ta ɗebo wutar, amma ta tsaya kallon jerin tururuwa har garwashin ya zama toka. Ubanta ya ce gobe in ta sake, zai kai ta wurin dangi can nesa, ya gaji.

Ta tafi gindin wani dutse tana kuka. A nan ta tarar da wata tsohuwa tana tufkar igiya. Idan Inna ta zo nan sai ta maƙale murya ta zama tsohuwar: "Idonki ba shi da laifi, kunnenki ma haka. Abin da suke kwasowa ne ya fi ƙarfin ƙafa biyu." Tsohuwar ta yanko guntun igiya, ta ƙulla ƙulli ɗaya, ta damƙa mata. Ta ce wannan ƙullin shi ne wuta. Ta riƙe shi a tafin hannu, duk abin da ya kira ta a hanya ta ce masa, "Na gan ka, jira ni in dawo," kada ta kwance ƙullin sai tukunya ta hau murhu.

Tasalla ta kawo wuta. Bayan nan ta koma ta bi duk abubuwan da ta ce su jira ta, har da wani siririn layin ƙasa da ta hango a ƙafar rumbun mai gari. Ashe gara ce ta fara hawa, ba wanda ya gani sai ita. Aka kwashe hatsin kafin ya lalace, garin ya ci abinci har damina ta zagayo.

Na tuna na tambayi Inna, "To bayan nan ta daina mantuwa?"

Ta yi dariya har da tari. "Ina! Har ta tsufa da igiya take yawo."

Inna ta rasu ina aji biyu na sakandare. Na gama makarantar da ƙyar, na koyi ɗinki, na yi aure a Birnin Kudu, na buɗe shago a ƙofar gida. Hannuna yana da kyau a ɗinki, kowa ya shaida. Amma sai in yanka riguna biyar ban haɗa ko ɗaya ba. Almakashi kullum a ɓace. In yi wa mace alkawarin Laraba, sai na gan ta a bakin ƙofa sannan in tuna. Na ɗauka halina ne kawai, mugun hali, na yi ta roƙon Allah Ya raba ni da sakaci.

Ina da shekara talatin da shida abin ya kai inda ba a yi masa dariya. Na ɗora mai a wuta zan soya kifi, na shiga shago ɗauko wayata, na ga wani zani da ban gama kalmashe bakinsa ba, na zauna a keke. Ihun maƙwabta ne ya tashe ni. Kicin ya kama, ga 'yata Amira, mai shekara uku, tana barci a ɗakin da yake jikinsa. An fito da ita lafiya, an kashe wutar da ƙasa. Mijina Malam Sani, direba ne a hanyar Kano, ya dawo ya ga bangon ya yi baƙi ƙirin. Bayan kwana biyu ya ce, "Hauwa, wallahi tsoro nake ji in fita in bar ki da yaran nan." Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Ƙanwata Zainabu, wadda take aikin jinya a Kano, ita ta ja ni wurin likitan ƙwaƙwalwa. Na je ina jin kunya, ina tsoron a ce na zare. Likitan ya daɗe yana tambayata, har da yadda nake tun ina ƙarama. Daga ƙarshe ya ce abin da yake damuna sananne ne, matsalar tattara hankali wuri ɗaya, a Turance ADHD. Ya ce ba lalaci ba ne, ba iska ba ce, kuma manya ma suna fama da ita, musamman waɗanda ba a gano ba tun suna yara. Ya rubuta mini magani, ya ce amma magani kaɗai ba zai tsara mini rayuwa ba, sai na koyi dabaru.

Zainabu ta sayo mini wani littafin Turanci da aka rubuta domin manya irina. Wata huɗu ina shafi na ashirin. Sau biyu ya ɓace, sau ɗaya a cikin buhun atamfa na tsinto shi. Da na faɗa mata, sai ta ce, "Yaya, kawo littafin." Ta rinƙa karanta shafi biyu-uku, ta mayar da shi Hausa, ta turo mini a saƙon murya, minti biyar-biyar. Ina ɗinki ina ji.

A haka na ji shawarwarin. Ka ba makulli da almakashi wuri ɗaya tak. Ka sa ƙararrawar waya duk lokacin da ka ɗora tukunya. Ka raba babban aiki ƙanana-ƙanana. Wata safiya kuma Zainabu ta karanto cewa idan kana aiki wani tunani ya faɗo maka, kada ka tashi ka bi shi, ka rubuta shi a gefe ka dawo masa daga baya. Na tsayar da keken. Na mayar da saƙon baya na sake ji, sai hawaye. Tsohuwar gindin dutse ce sak, cikin littafin mutanen da ba su taɓa jin sunan Gwaram ba.

Sai a lokacin na gane cewa Inna ba don mu shida ta riƙa maimaita Tasalla ba. Ba ta san sunan abin ba, ba ta taɓa riƙe littafin boko ba, amma ta dube ni ta ga yarinyar da take ƙoƙari tana kasawa, a lokacin da kowa yake ganin mai kunnen ƙashi. Ba zan ce dabararta ta ishe ni ba. Sai da likita, da magani, da haƙurin Zainabu. Har yau ina mantuwa. Amma Malam Sani ya saurari saƙonnin shi ma a mota, yanzu in zai ba ni saƙo ɗaya-ɗaya yake faɗa, kuma yana fita aikinsa hankali kwance. Alhamdu lillahi.

Kwanan baya wata mata daga Kangire, Rabi, ta zo shagona karo na uku, kowane zuwa ta manto yadin da za a ɗinka mata. Ta zauna tana dariyar kanta, irin dariyar da na sani sarai.

"Ni ai ba ni da amfani," in ji ta. "Tun ina yarinya haka ake faɗa mini."

Na ce mata ni ba likita ba ce, amma akwai likitan da ya duba ni kan irin wannan, ta ɗan saurari wani abu. Na kunna mata saƙon farko na Zainabu. Ta ji shi har ƙarshe tana murza bakin mayafinta, dariyar ta ɗauke. Da ya ƙare sai ta ɗago.

"Wannan likitan," ta ce a hankali, "ran wace rana yake ganin mutane?"